Darasin Zafi da Gobarar Daji: A Fara Daga Bayan Gari

A watan Maris na 2024 gwamnatin Sudan ta Kudu ta rufe makarantu saboda zafin da aka yi hasashen zai kai maki 45. A watan Afrilu Filifin da Bangladesh suka bi sahu. Asusun UNICEF ya ce a shekarar matsanancin yanayi ya katse wa ɗalibai aƙalla miliyan 242 karatu a ƙasashe 85, kuma zafi ne kan gaba. Ba mamaki ke nan da darasin zafi da gobarar daji yake ta samun gurbi a azuzuwa. Italiya ma tun 2020 ta wajabta koyar da sauyin yanayi.

Abin a yaba ne, sai dai salon koyarwar na buƙatar gyara. Abin da ya fi sauƙin samu a intanet shi ne bidiyon gobarar Ostireliya ta 2019 zuwa 2020 da dabbar koala a ƙone, ko unguwannin Los Angeles da wuta ta lashe a Janairun 2025. Yaron Katsina ko Maraɗi zai kalla, ya tausaya, ya tashi da tunanin cewa musiba ce ta ƙasashen Turawa.

Alhali kuwa a ƙofar gidansu take. Ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai maki 48.5 a garin Kayes na Mali. Haka kuma da zarar an kawar da amfanin gona hunturu ya kama, sai a ga hayaƙi a bayan gari, wasu sun cinna wa daji wuta don kama gafiya, wasu don sharar gona, kuma sau da yawa yara na cikin tawagar. Su ne suka fi dacewa a zaunar a yi musu bayani dalla-dalla: wuta na cinye ganyen da zai ruɓe ya zama taki, ta kashe ƙananan halittun da ke raya ƙasa da ƙananan itatuwan da suka fara tohowa, ta bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya zo ya kwashe ta. Makiyayi kuma ya rasa ciyawar da zai kai dabbobinsa damina, matsalar da makiyayan jihar Tawa a Nijar suka sani sarai, inda ake share dogayen layuka a daji don tare wuta.

Wannan darasi ba ya buƙatar kwamfuta. Ma'aunin zafi guda ya isa. Ɗalibai su auna gindin darbejiya da tsakar rana, su auna tsakiyar fili, su auna aji mai rufin kwano, su rubuta bambancin da hannunsu. Su zuba ruwa a ƙasa mai ciyawa da wadda ta ƙone, su ga wadda ta zaizaye.

Kada kuma a tsaya ga tsoratarwa. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin gawo da sauran itatuwa su sake tohowa a gonakinsu, har suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Yaro ya cancanci ya ji cewa manoma irin iyayensa ne suka yi wannan aiki.

Masu tsara manhaja da shugabannin makarantu su sa darasin a lokacin hunturu da bazara, sa'ad da abin ke faruwa a gaban idon ɗalibai, kuma su ba malamai damar fita da yara daga aji.