Masu Mai da Yunwa Abin Dariya

Da yawa daga cikin tatsuniyoyin Gizo da bala'i suke farawa. Da zarar an ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara sun amsa da "ta zo mu ji ta", abin da ke biyo baya shi ne wata shekara aka yi yunwa, ba tsaba a rumbu, ba ganye a bishiya, gari ya watse, kowa ya kama gabansa. Ba mai hankalin da zai ce nan ne mafarin raha. Amma ka ba tsohuwar da ta iya bakinta ɗan lokaci, za ka ga yaran da suka yi tsit suna birgima a kan tabarma, matar gida da ke ɓarar gyaɗa a gefe tana share hawayen dariya da bakin zane. Wannan gwaninta ce babba, kuma har yau ba a ba ta girman da ya dace da ita ba.

A ƙauyukan arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi, yunwa ba baƙuwa ba ce. Ƙasa ce da jama'a suka yi wa yawa tun zamanin kakanni, gona manne da gona, ba a barin saura, kowace damina sai an noma. Taki ne ya riƙe ta: a da, jakuna kan kai itace birni su dawo da mangala cike da shara da toka, ga kashin awaki da tumaki da ake tarawa a turke. Michael Mortimore, Baturen da ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, ya daɗe yana rubutu a kan yadda manoman nan ke ciyar da mutane masu yawa da ƙasa 'yar kaɗan. Sai dai ranar da ruwa ya ɗauke, babu wani dajin kirki da za a faɗa a nemi abin kaiwa baki. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an yi farin 1973, an sake yin na 1984. Ban da waɗannan manya, akwai ƙaramar yunwa ta kowace shekara, wadda ke zuwa a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ana lallaɓa ciki da kwaɗon tafasa da rama kafin a sami tumu. Saboda haka tsohuwar da ke cewa "aka yi yunwa" ba jita-jita take bayarwa ba. Ta taɓa ɗora tukunya don yara su ga hayaƙi su yi barci.

Farkon dabararta shi ne ba ta daɗewa a kan yunwar. Jimla biyu ko uku sun ishe ta, don masu saurare sun san sauran. Sai ta sako wani taliki wanda kwaɗayinsa ya fi ƙarfin yunwar kanta, ta sake shi a cikin wannan duniya da ta zama kufai, ta bar mu mu ga abin da zai aikata.

Ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki. Kowane gari da irin tasa, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. Ana cikin yunwa, hankaki suka gano wani ɓaure a tsakiyar kogi, inda sai mai fiffike ke iya zuwa. Gizo ya ji ƙamshi. Ya shafa danƙo a mazaunansa, ya tafi gidansu wai ɗiban wuta, ya zauna daɓas a kan 'ya'yan ɓauren da aka baza, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tashi da su manne a jikinsa, yana fita da baya-baya don ladabi. Ya kai waje ya cinye, ya kashe wutar, ya dawo wai ta mutu a hanya. A nan ake gane gwana. Zuwan farko takan ba da shi dalla-dalla, har da yadda ya gyara zama. Zuwa na biyu ta gajarta, don yara sun riga sun gane, sun fara ƙunshe dariya. A na uku sai ta yi shiru daidai lokacin da Gizo zai zauna, ta ɗan ja numfashi, ta bar wani yaro ya kasa haƙuri ya ce "zai sake!" Wannan shirun shi ne rabin sana'ar. Wanda bai iya ba yakan zuba zuwan uku da murya ɗaya da sauri ɗaya, labarin ya mutu a bakinsa, ko da bai manta kalma guda ba.

Sannan ga murya. Da dare ake tatsuniya, wanda zai yi da rana ma sai an ce ya ɗaure Gizo tukuna, don haka ba a ganin fuskar mai bayarwa sosai, hannunta kuma galibi yana kan wani aiki, kaɗi ko ɓara. Duk abin da ɗan wasa zai yi da jiki, ita da maƙogwaro take yinsa. Gizo tsamin baki gare shi, sarki a wurinsa "shayki" ne, ruwa kuwa "yuwa", kuma da wannan bakin na yarinta yake tsara ƙaryar da za ta hallaka gari. Kura na magana da gaggawar mai tsoro da haɗama a haɗe. Dodo daga ƙasan ƙirji yake fitowa. Idan hankakin sun gaji da Gizo, wanda suka ara wa gashi suka kai shi kan ɓauren amma yana ta cewa kowane ɗa shi ya riga gani, suka tuge gashinsu suka bar shi, to faɗawarsa ruwa kalma guda ce, tsulum, amma sai wadda ta san inda za ta ajiye ta.

Abin da ya fi burge ni a wannan tatsuniya shi ne ba ta ƙarewa a inda mai wa'azi zai ƙare ta. Mai haɗama ya faɗa ruwa, ai darasi ya cika. Ina! A nan ne ma take ɗaukar zafi. Gizo ya tsinci kansa a gidan kada, ya fashe da kuka wai ya ga danginsa da ya ɓace musu tun yana ƙarami, aka sauke shi a ɗakin da aka ajiye ƙwai. Cikin dare yana gasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fashe sai 'ya'yan kada su ce baƙo ya yi tusa, uwarsu ta kwaɓe su kada su kunyata baƙo. Da safe aka zo ƙidaya, ƙwai ɗaya ya rage, shi ya riƙa miƙowa ana sa alama yana gogewa yana sake miƙowa. Dubi inda dariyar take: yara sun san gaskiya, kada bai sani ba, kuma kunyar baƙo, wadda ake koya wa kowane yaro a gidan, ita ce ta ci kada. Tsohuwa ba ta cewa komai a kan wannan. Ta dai faɗa ta wuce.

Farfesa Sa'idu Babura Ahmad, wanda garinsu Babura ke maƙwabtaka da ƙasar Ɗambatta, ya wallafa littafi a 1997 a kan yadda tatsuniya ɗaya ke sauya kama daga baki zuwa baki, har ya nuna cewa mai bayarwa ba haddace labari kawai yake yi ba, fassara shi yake yi. Duk wanda ya zauna gaban gwana ya ga haka da idonsa. Takan auna masu saurarenta. In akwai yaro mai yawan leƙa tukunya, sai ga Gizo ya ɗauki irin tafiyarsa. In za ta faɗi nisan kogin, sai ta ce kamar daga nan zuwa kasuwar Ɗambatta. In ƙananan sun fara gyangyaɗi, ta datse wani reshe ta sako waƙa a yi amshi.

Na kawo wannan duka ne saboda wani labarin zane na ƙasar Japan, irin wanda suke kira manga, mai suna Sekai no Owari ni Shiba Inu to, aikin Yu Ishihara. An fara sakin sa a Twitter a 2018, kamfanin Kadokawa ya buga shi littafi-littafi, a 2022 kuma aka mai da shi zane mai motsi a YouTube. Duniya ta ƙare, 'yan Adam duk sun shuɗe, saura wata 'yar makarantar sakandare ita kaɗai, da karenta Haru, wanda ke magana kuma yana da son kawo zantukan masana falsafa. Suna yawo cikin garuruwan da ciyawa ta cinye, suna haɗuwa da baƙi daga wata duniya da dabbobin tatsuniyar Japan. Ba a tsaya bayyana abin da ya kashe mutane da dogon zance ba, kamar yadda tsohuwarmu ba ta tsayawa a kan dalilin fari. Abin da ke gabansu shi ne me za a ci yau, da wa zai yi nasara a gardama.

Akasarin labarin a akwati huɗu-huɗu ake zana shi, tsohon salo ne a can: na farko ya shimfiɗa zance, na biyu ya ƙara masa, na uku ya juya shi ta inda ba a zata ba, na huɗu ya rufe. Da wannan salo Machiko Hasegawa ta fara Sazae-san a wata jaridar Fukuoka a 1946, watanni kaɗan bayan yaƙi ya bar Japan cikin toka da ƙarancin abinci. Wanda ya san zuwan Gizo uku ɗiban wuta ba ya buƙatar a koya masa wannan tsari. Bambancin kawai, su sun sa shirun a tsakanin akwati na uku da na huɗu, mu kuwa a numfashin tsohuwa yake.

Na san Bahaushe zai ɗan yamutsa fuska da jin kare ne mai hikimar. A ƙauyukanmu kare na gadi ne da farauta, ba a shiga da shi ɗaki, malamin daji kuwa dila ne. Amma ginin ɗaya ne da na Gizo da matarsa Ƙoƙi: a haɗa biyu a wurin da babu kowa, ɗaya mai dogon lissafi, ɗaya mai gajeren zance, a bar su su yi ta karo. Karen ya gama tsara bayaninsa mai zurfi, yarinyar ta rushe shi da kalma ɗaya, ko kuma halinsa na kare ya tona shi. Gizo ya gama ƙulla dabara, Ƙoƙi ta tambaye shi abu mai sauƙi da ba ya da amsarsa. Masifar da ke kewaye da su ita ke ƙara wa ƙaramar gardamar daɗi, don mai saurare ya san ba su da kowa sai juna.

Maza ma suna da rabonsu a wannan fage. 'Yan kama, waɗanda ke kwaikwayon karatun malamai da waƙoƙin manyan mawaƙa su juya su zuwa yabon tuwo da nama, da ciki suke sana'a, kuma a gaban mutanen da suka san ciwonsa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, wanda ya rasu a Disamban 2014, a ganina jikan Gizo ne kai tsaye: matsoraci, makwaɗaici, mai ƙaryar da ba ta kwana, amma ba ka iya ƙin sa.

An yi ƙoƙarin adana tatsuniyoyin a takarda. Frank Edgar ya buga littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, wanda ɗaliban firamare da dama suka tashi da shi. Allah ya saka musu, ba don su ba da da yawa sun salwanta. Sai dai takarda labarin take riƙewa, ba ta riƙe tsamin baki, ba ta riƙe shiru. Karanta tatsuniyar ɓauren a littafi, za ka yi murmushi. Ji ta a bakin wadda ta iya, sai cikinka ya ƙulle. Yanzu kuma ko a ƙauye, in dare ya yi, yara wayar yayansu suke kewayewa.

Don haka roƙona biyu ne. Wanda kakarsa ke raye kuma ta iya, ya je bayan kaka, lokacin da aiki ya lafa, ya tara mata yara na gaske, ya ajiye waya a gefe ta ɗauki murya, kada ya gyara mata Hausa, kada ya ce ta sake wani wuri. Matasan Kano masu zane kuwa, waɗanda na san da yawansu sun iya zana jaruman Japan da ka, su gwada zana Gizo zaune a kan 'ya'yan ɓaure yana gaida hankaki, a akwati huɗu kacal, su sa a waya mu gani.