Durowar Loko Mai Aljihu Biyar: Ni Dai Na Kamu

'Yan'uwa masoya zarto da guduma, ku bar ni in yi yabo son raina, don a duk abin da mutum zai haɗa da hannunsa a bayan gida babu wanda ya kama ƙafar durowa mai aljihuna. Tebur kowa na bugawa. Benci ma haka. Amma tsayayyar durowar nan mai nauyi, mai sheƙi, mai aljihu biyar, wadda za ka ja aljihunta da yatsa ɗaya ya biyo ka ba gardama ba ƙara, ita ke raba kafinta da mai buga ƙusa.

Katako ne farkon zance. Mu mutanen Agege, Oyingbo ba baƙon wuri ba ne gare mu, balle yanzu da jirgin ƙasan Red Line da aka ƙaddamar a 2024 ke ɗaukar mutum daga tashar Agege ya sauke shi can. Dab da Oyingbo ne Oko Baba, bakin ruwan Ebute Metta, inda aka shafe shekara da shekaru ana jawo gungume a kan ruwa daga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta, ana tsagawa, hayaƙin garin katako na tashi har mai wucewa kan gadar Third Mainland ya hango. Gwamnatin jihar Legas ta gina wa masu injinan tsaga katakon sabon matsuguni a Agbowa, wanda ake kira Timberville. Madalla, amma nisa fa!

To, loko. Wayyo loko! Wanda 'yan kasuwar ke kira iroko, mai tauri, mai maiƙo a jiki, wanda gara ke shakkarsa, wanda ranar da ka kankare shi za ka gan shi rawaya-rawaya, bayan 'yan watanni ya rikiɗe ya koma ruwan zuma mai duhu, kullum sai ƙara kyau yake. Shi za ka sa a saman durowa da gefunanta da fuskar aljihuna. Yana da hali, ban musa ba: ƙurarsa na sa atishawa da ƙaiƙayi, kuma wani lokacin akwai ɗan dutse-dutse a cikinsa da ke dakushe bakin zarto. Ɗaura ƙyalle a hanci ka ci gaba. Cikin aljihun kuwa obeche ne maganinsa, fari, marar nauyi, mai biyayya, sai dai a shafa masa maganin ƙwari, don su ma suna son sa.

Inda zuciyata take kuwa shi ne kusurwar aljihu. Wannan haɗin mai haƙora da ke shiga juna, kowane haƙori da faɗin kai da siririn gindi, ka zana da fensir, ka yanka a hankali, ka sassaƙe tsakaninsu, sannan ka kawo katako biyun ka ɗan doka da guduma su rungumi juna ƙam tun kafin a sa gam. Ba ƙusa ko ɗaya! Duk jan da za a yi wa aljihun ƙara matse haɗin yake yi. Idan an ɗauke wuta ma babu ruwanka, aikin hannu ne, janareto ya huta. Kwatanta wannan da durowar MDF ta shago, kyakkyawa a ido, wadda ruwan damina ɗaya ya taɓa gindinta ta kumbura ta fara zubar da gari. Haba!

Legas gari ne mai laima, katako kuwa yana shan iska yana fitarwa. Kada zumuɗi ya sa ka taɓa ɗanye; jera shi a inuwa, da sanduna a tsakani, ya bushe sosai. Ka bar wa aljihu 'yar rata, domin a watan Yuni zai ɗan kumbura. In kuma ta kayan ɗakin amarya ce da za a loda a mota zuwa Kano ko Katsina, sai ka ninka haƙurin busarwar, don hunturun can ba ya raga wa katako mai ruwa a jiki, tsage shi yake. Kuma kafin ka saka aljihun ƙarshe, goga kyandir a kan hanyar da yake bi. Ja ka ji. Mayar ka sake ja!