Wa Zai Yi Wa Yara Magana Bayan Bishara?

A shekarar 1973, Roma ta fitar da littafin jagora a kan Misa ta yara. Sashe na 24 ya yarda cewa, da izinin Fada mai kula da ikkilisiya, wani babba daga cikin masu bi zai iya yi wa yara magana bayan karatun Bishara, musamman idan firist yana shan wuyar saukowa daidai hankalinsu. Wanda ya rubuta wannan sashe ya san yara.

Bayan shekara goma, a 1983, sabon kundin dokokin Ikkilisiya ya zo. Doka ta 767 ta keɓe wa'azin cikin Misa ga firist da dikin. Umarnin 1997 ya ƙara ɗaure igiyar, ya ce duk wani tsohon izini da ya bar wanda ba a naɗa ba ya yi wannan wa'azi ya faɗi. Na 2004 ya maimaita haka, ya tura shaidar masu bi zuwa wajen Misa, ko kuwa bayan addu'ar Komunyo idan akwai dalili mai nauyi.

Dokar tana da hujja. Wa'azi ɓangare ne na ibadar kanta, mai tsayawa a bagadi ba zai jefar da shi ba. Laifinta shi ne ta rufe ƙofa ba tare da ta duba matsalar da ta sa aka buɗe ta ba. Har yau masana suna gardama ko maganar 1973 wa'azi ce ko koyarwa kawai.

A duba Abijan. A Williamsville da Adjamé da Treichville, yaron Kirista Bahaushe yakan ji Hausa a gida, Jula a kasuwa, Faransanci a makaranta da coci. Fada zai yi wa'azi mai kyau da Faransancin seminari, yaron yana kallon fanka. Katikis da ya san gidansu yana zaune a benci, dokar ta ɗaure masa baki. A ƙauyukan Malumfashi ma, katikis ke wa'azi duk Lahadin da babu Misa. Ranar da Fada ya zo sai ya koma tafinta.

Sashe na 17 na littafin 1973 ya bar wata hanya: a kai yara wani ɗaki su ji Maganar Allah, su dawo kafin a kawo baiko. Wannan yana bukatar ɗaki da malami mai horo. Fafaroma Francis ya kafa hidimar katikis a 2021, amma doka ta 767 tana nan yadda take.