Martanin Masu Karatu ga Littafin Wa Zai Auri Jahila?

Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Wa Zai Auri Jahila? (1990), ya raba kan masu karatu. Wasu manazarta sun jefa shi cikin rukunin "Adabin Kasuwar Kano", wasu iyaye kuma suka zarge shi da hure wa 'yan mata kunne. Mata da yawa kuwa rayuwarsu suka gani cikin ƙuncin Abu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole. A ganinmu, ƙarfin labarin yana cikin yadda Abu ta farfaɗo ta hanyar neman ilimi. Saboda haka muna ba da shawarar sanya shi cikin manhajar babbar sakandare. Sai dai wajibi ne malami ya koyar da shi cikin hikima, domin wata ɗalibar tana ɗauke da irin wannan miki.