Bakandamiya da Ƙuryar Faifai: Tsofaffin Waƙoƙin Rok a Rediyon Amurka

Da wuya ka sami babban birni a Amurka da ba shi da tashar FM wadda aikinta dare da rana shi ne saka tsofaffin waƙoƙin rok, tun daga na ƙarshen shekarun 1960 har zuwa na 1980, yanzu ma an fara cusa na 1990. Sunan tsarin a wurinsu classic rock. Direban babbar mota zai taso daga Chicago ya nufi Dallas, wata tasha ta ɓace wata ta shigo, amma "Hotel California" ta Eagles tana biye da shi, ga Led Zeppelin, ga Queen, ga Pink Floyd. Ina ƙaunar waɗannan waƙoƙi, ƙaunar ce ma ta sa yadda rediyo ke juya su yake damuna. Tsarin da aka gina kan fito da waƙar da ba kowa ya sani ba, yau shi ne ya fi kowa gudunta.

A shekarun 1950 da farkon 1960, tashoshin AM ne ke riƙe da kasuwa, kuma tsarinsu shi ne waƙoƙi 40 da suka fi tashe, a yi ta maimaita su, kowace ba ta cika wuce minti uku ba. FM kuwa 'yar rakiya ce, masu gidajen rediyo suna jona mata shirin AM ɗinsu ne kawai. Sai hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta kafa dokar da ta fara aiki a 1967, cewa a biranen da suka haura mutum 100,000 tashar FM ba za ta kwafi fiye da rabin shirin AM ba. Masu tashoshi suka wayi gari da sa'o'in da ba su san abin da za su zuba a ciki ba, kuma ba su sa ran kuɗi daga gare su, sai suka sakar wa matasa ragama. A San Francisco, Tom Donahue ya fara a KMPX cikin 1967 kafin ya koma KSAN. A New York akwai WNEW-FM da su Scott Muni da Alison Steele mai shirin tsakar dare, a Boston kuma WBCN.

Waɗannan mutane da babban faifai suke shiga situdiyo, wanda kowane gefensa ke ɗaukar kimanin minti 20. Mai gabatarwa ne zai zaɓi waƙa, ya san wadda za ta biyo ta da dalilin da ya sa. In ya ga dama ya ɗora allura ya bar gefe guda ya ƙare. A nan ne "In-A-Gadda-Da-Vida" ta Iron Butterfly, mai minti 17, ta sami wurin zama a 1968. Mawaƙa ma da suka ga akwai inda za a saurare su ba tare da almakashi ba, sai suka shiga tsara faifai a matsayin aiki guda mai farko da ƙarshe.

Abin da masu sauraro da yawa ba su lura da shi ba shi ne, bakandamiyoyin da ake ta nanatawa yau, da dama cikinsu daga ƙuryar faifai aka zaƙulo su. "Stairway to Heaven" ta 1971 ta kai minti takwas, kuma Led Zeppelin ba su yarda an sayar da ita a ƙaramin faifai ba. Masu gabatarwa ne suka riƙa ɗauko ta daga cikin kundi har ta zama abin da ta zama. "Maggie May" ta Rod Stewart a bayan faifai aka ajiye ta, kamfani yana tallata "Reason to Believe", har ma'aikatan rediyo suka kifa faifan suka ji abin da ke baya ya fi na gaba. Haka aka yi da "Beth" ta Kiss a 1976, wadda Rosalie Trombley ta tashar CKLW da ke Windsor a Kanada ta ɗaga. A Landan, Kenny Everett ya yi ta saka "Bohemian Rhapsody" a Capital Radio a 1975 tun ba ta shiga kasuwa ba, lokacin da ake fargabar tsawonta na kusan minti shida zai kashe ta. A kowane cikin labaran nan akwai wanda ya amince da kunnensa.

Da FM ta fara kawo kuɗi, sai 'yancin ya fara tsukewa. A shekarun 1970 masu ba gidajen rediyo shawara irin su Lee Abrams suka shigo da jerin waƙoƙi daga ofis, mai gabatarwa ya koma mai bin takarda. A 1985 Fred Jacobs ya gwada tsarin tsofaffin waƙoƙi zalla a wata tasha a jihar Michigan, ya karɓu, domin matasan 1969 sun zama magidanta masu albashi, su ne kuma masu talla ke nema. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire ƙa'idar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, cikin 'yan shekaru Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tara fiye da 1,200.

Yadda ake tace waƙoƙin shi ne inda abin ya fi ci mini rai. Ana tara masu sauraro, a kunna musu 'yan daƙiƙu daga kowace waƙa, galibi amshinta, su ba ta maki: sun san ta, suna son ta, ko ta gundure su. Wadda ta tsallake ta shiga jeri, wadda ba a gane ba a jefar. To waƙar da mutum bai taɓa ji ba, ta yaya zai ce ya san ta? Kuma waƙar da daɗinta ke taruwa a hankali, kamar "Echoes" ta Pink Floyd mai minti 23, me za a ɗanɗana daga cikinta a daƙiƙa goma? Gwajin yana auna sabo ne kawai, sabon kuma rediyon ce ta haifar da shi. Haka kiɗan shekaru 30 ya ƙanƙance zuwa 'yan ɗaruruwan waƙoƙi. Mai sauraron Hausa ya san irin wannan: taskar gidajen rediyonmu cike take da faya-fayan Mamman Shata, amma 'yan ƙalilan ne ke zagayowa kullum.

Ba na raina mai son bakandamiya. Wanda ya tashi aiki a gajiye yana da haƙƙin ya ji muryar da ya sani tun yana ɗan shekara 17, ya bi ta baiti-baiti, ya tuna abokan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan jin daɗi na gaske ne, kuma waƙoƙin ba banza suka yi suna ba. Sai dai maimaici yana dakushe kunne. Waƙar da aka ji sau dubu takan wuce ba a ma san ta wuce ba, kuma abin da ke dawo mata da kaifinta shi ne a ajiye ta kusa da 'yar'uwarta da ba a saba ji ba.

Waƙoƙin ƙuryar faifai suna kuma riƙe da tarihin da jerin ofis ya share. A faifan da "Stairway to Heaven" take, waƙar ƙarshe ita ce "When the Levee Breaks". Asalinta ta Memphis Minnie da Kansas Joe McCoy ce, baƙaƙen fata mawaƙan bulus, sun yi ta a 1929 kan ambaliyar kogin Mississippi ta 1927. Mai gabatarwa da ya san aikinsa zai saka tsohuwar ya biyo da sabuwar, mai sauraro ya ji da kunnensa daga inda rok ya fito. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a tsarin da in ka cire Jimi Hendrix, da ƙyar za ka ji muryar baƙar fata. Haka ma kundin Band on the Run, wanda Paul McCartney ya ɗauki mafi yawansa a situdiyon EMI da ke Legas a 1973: waƙar da ke ɗauke da sunan kundin tana yawo kullum, "Mamunia" mai sanyi da ke cikinsa kuwa sai mai faifan kansa.

Jim Ladd na Los Angeles yana cikin na ƙarshe da suka riƙe 'yancin zaɓen waƙa a babbar tashar kasuwanci, shi ne ma ya zaburar da Tom Petty ya yi "The Last DJ" a 2002. Yakan jera waƙoƙi kan jigo ɗaya, sananniya da ɓoyayya suna amsa wa juna. A 2011 aikinsa ya ƙare a KLOS, ya koma tashar Deep Tracks ta SiriusXM, inda ya ci gaba har rasuwarsa a 2023. Deep Tracks tashar tauraron ɗan'adam ce, sai an biya kuɗin wata ake kama ta. Wato waƙoƙin da a 1968 kowane yaro mai 'yar rediyo zai ci karo da su kyauta cikin dare, yanzu sai wanda ya riga ya san da su ne zai zaro kuɗi ya je nemansu.