Jakara Ba Ta Samu Marubuci Ba

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ya san cewa ruwan da littafin ya ɗaukaka ruwa ne na nesa, ruwan magani, wanda Alhaji Imam bai kai gare shi ba sai da ya sha yawon duniya, ya sha rikici da Malam Zurƙe, har aljannu suka sa hannu. Ban ga laifin littafin ba ko kaɗan, domin kuwa a kan tafarkin tatsuniya da hikayoyin Larabawa aka gina shi, kuma ya cika aikinsa. Abin da ya dame ni shi ne mu da muka biyo baya. Har yau in ruwa ya shigo ƙagaggen labarinmu, to, ko dai na aljannu ne ko kuwa na shaƙatawa, inda saurayi zai kai budurwa su zauna. Ruwan da ke bin bayan gida, wanda ake zuba masa shara, ake kuma ban-ruwa da shi, shi ne ba mu waiwaya ba.

Bari in kafa misali da Jakara ta birnin Kano. Rubutun da na ga ya fi ba ta haƙƙinta shi ne Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, wanda kuma ake samun Hausarsa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A can an nuna Jakara kurmi ce mai duhu a zamanin Barbushe, mutanen Dala suna tsoronta, suna yi mata yankan baƙar dabba, sun kuma ɗauka cewa takan yi kururuwa in masifa ta doso gari. An kira wurin Kurmin Baƙin Ruwa saboda launin ruwan. (Wanda ya rubuta sunan bai sa ƙugiya ba, sai ya koma "bakin ruwa", kuma duka biyun sun dace da wurin.) Mai karatu ya lura da abin da marubucin nan ya yi. Bai yaba wa tsafin ba, amma ya bar mana wurin da launinsa da muryarsa, har da irin fargabar da ake yi masa. A nan gefen ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi.

Daga nan sai alƙalami ya koma hannun baƙi. Kilafaton, Baturen Birtaniya da ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin fadamar da ta ratsa birnin, da kasuwa a jikinta. Barth, Bajamushe, ya zo a 1851, shi ma ya ambaci Jakara. Su kam ƙazanta da zazzaɓi suka fi gani, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai idon matafiyi ne wanda zai kwana kaɗan ya wuce.

To, mu fa? A cikin littattafan da na karanta, tun daga na gasar 1933 har zuwa na soyayya da suka cika Kano daga wajejen 1984, birni suna ne kurum. A ce "a birnin Kano aka yi wani attajiri", shi ke nan, sai a shiga falo. In ka goge Kano ka rubuta Kaduna, ba abin da zai motsa a labarin. Alhali ga Jakara nan ta fito daga cikin ganuwa, ta bi ta Fage, ta kwashi jinin mayanka, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sa'an nan ta zube a madatsar Wasai wajen Minjibir. A bakinta masu lambu suke noman latas da alayyafo, wanda gobe da safe zai koma kasuwa, matar attajirin nan na falo ta aika a sayo. Ashe wannan bai isa labari ba?

Na san za a ce wa zai karanta littafi a kan kwata mai wari. Amsata tana ƙasar Japan. A birnin Tokiyo akwai kogin Sumida, kuma a da unguwannin da ke bakinsa na masu ƙaramin ƙarfi ne: 'yan tireda, masu sana'ar hannu, makaɗa, da mata masu zaman kansu. Wani marubuci, Nagai Kafu, wanda ya rayu daga 1879 zuwa 1959, ya kafe a kan waɗannan unguwanni. A 1909 ya fitar da labarin da ya sa wa sunan kogin, a 1937 kuma ya rubuta wani a kan wata unguwar karuwai da ke gabashin ruwan, bai ɓoye sauronta da lambatunta ba. Girgizar ƙasa ta 1923 ta cinye yawancin yankin, abin da aka sake ginawa kuma wutar bama-baman Amurka ta lashe shi a watan Maris na 1945. Wanda yake son sanin yadda lungunan suke a da, littattafan Kafu yake buɗewa.

Ba wai na ɗauki Kafu gwani marar aibu ba ne. Yana da halin mai kuɗin da ya zo kallon talauci, ya ji daɗin tsufan wuri, ya koma gida ya kwanta. Begen jiya ya yi masa yawa, har wani lokaci sai ka ga ya fi tausayin ginin da za a rushe a kan matar da ke zaune a ciki. Wannan kam ba abin koyi ba ne. Abin da zan so mu ara shi ne haƙurin tsayawa a wuri guda, a san sunan kowane lungu, a san daga ina ruwa yake shigowa in damina ta yi ƙarfi.

Mu ma lokaci ya fara ƙure mana. A mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka soma aikin rufe Jakara da kankare, a shimfiɗa titi a kanta zuwa Kwarin Gogau, titin da Kanawa suke kira Wuju-wuju. Wanda gidansa ya sha ambaliya ba zai yi kukan rashin kwata ba, kuma ba ni da bakin ce masa ya yi. Mutanen Tokiyo ma sun ɗora babbar hanyar mota a saman gadar Nihonbashi a 1963, don shirin wasannin Olamfik na 1964, daga baya suka yanke shawarar mayar da ita ƙarƙashin ƙasa domin kogin ya sake ganin rana. Bambancinmu da su, sun rufe nasu bayan an rubuta shi.

Wannan sūka ta fi shafar mu 'yan ƙungiyar nan da muka fito daga Ikara da Maƙarfi da Kudan. Mu 'ya'yan fadama ne. Mun san yadda ake dasa rake, mun san ƙamshin mazarƙwaila tana dahuwa, mun san rigimar da kan tashi tsakanin mai lambun sama da na ƙasa in ruwan rafi ya ja baya da bazara, da yadda farashin tumatir kan karye a bar kwanduna suna ruɓewa a bakin hanya. Amma a cikin gajerun labaran da 'yan'uwa suka karanta mana a zaman ƙungiya na bana, in ban da guda ɗaya da aka kafa a Hunƙuyi, duk a wata unguwar masu kuɗi marar suna aka yi su. Shi ma na Hunƙuyin, a shafi na biyu jarumin ya hau mota ya tafi Abuja.