Rawar Daren Asabar a Zauren Coci: Nazarin Ƙarshen Makon Matasan Mormon

Yawancin gidajen ibadar mabiya Mormon a Amurka fasalinsu ɗaya ne. Daga gaba akwai ɗakin sujada mai bencina da mumbari, bayansa kuma wani babban zaure mai daɓen katako, da ragar ƙwallon kwando a rataye, sau da yawa har da dandamalin wasan kwaikwayo. Bango mai naɗewa ne ya raba su, ana ture shi idan jama'a ta yi yawa. A wannan zaure ake shirya wa matasa rawa a daren Asabar. Yaron da ya jiƙe da gumi a kan katakon nan da ƙarfe tara na dare, shi ne zai bayyana a cocin unguwarsu da safe, sanye da farar riga, yana shirya wa dattawa gurasar Jibin Ubangiji. Wanda bai san su ba sai ya ga kamar abubuwa biyu ne masu karo da juna. A ganina aiki ɗaya ne, kuma hannu ɗaya ne ya tsara shi.

Al'adar tana da tushe mai nisa. Joseph Smith ya kafa cocin a jihar New York a 1830, zamanin da yawancin masu wa'azin Methodist da Baptist ke ɗaukar rawa a matsayin ƙofar Shaiɗan. Bayan an kashe shi a Carthage ta jihar Illinois a 1844, Brigham Young ya ja jama'ar zuwa yamma. Shi kansa Young ya tashi a gidan da sauraron goge ma laifi ne, kuma ya ƙudura cewa 'ya'yansa ba za su tashi haka ba. A hanyar hijira, cikin sanyi da taɓon jihar Iowa a 1846, ƙungiyar masu busa ta William Pitt takan yi kiɗa da dare, mutanen da suka wuni suna fama da kekunan shanu su tashi su taka. Umarnin tafiyar da Young ya bayar a sansaninsu na Winter Quarters a Janairun 1847, wanda ya shiga littafin koyarwarsu a sashe na 136, ya ambaci rawa cikin hanyoyin yabon Ubangiji. Sun isa kwarin Salt Lake a Yulin 1847, kuma a 1853 suka buɗe zauren taro na Social Hall, shekaru arba'in cif kafin a kammala babban haikalin birnin. Don a ga nisan tazarar da ke tsakaninsu da maƙwabtansu: Jami'ar Baylor ta 'yan Baptist a Texas ba ta yarda a yi rawa a harabarta ba sai 1996.

Sai dai tun farko izinin da sharaɗi ya zo. Da addu'a ake buɗe rawa, da addu'a ake rufe ta. Da rawar Turai wadda namiji ke riƙe mace suna zagayawa ta shigo yankin a shekarun 1870, shugabanni sun yi ta gargaɗi a kanta, aka taƙaita ta zuwa sau ɗaya ko biyu a dare guda. A 1869 Young ya tara 'ya'yansa mata ya kafa musu ƙungiyar rage almubazzaranci a sutura da ado, a 1875 aka kafa ta samari. Daga waɗannan biyun ne duk tsarin matasan cocin ya tsiro. Dabarar ba ta canza ba har yau: abin da matashi zai nema ko an so ko ba a so ba, a kawo shi ƙarƙashin rufin coci, a kunna fitila, a ajiye manya a bakin ƙofa.

Ƙarshen makon yakan fara ne da abokai a daren Juma'a, kuma abokan nan ba tsintar hanya ba ne. Matashin da ke makarantar sakandare yana halartar ajin addini kowace ranar makaranta. A jihar Utah da wasu sassan Idaho da Arizona ana ware masa lokaci cikin darussan yini, a sauran wurare kuwa da sassafe ake yi, wajen ƙarfe shida, kafin a tafi makaranta. Wanda kuka shekara huɗu kuna haɗuwa da shi cikin duhun asuba, da magagin barci a ido, ya wuce a kira shi ɗan aji. Akwai kuma taron matasa na tsakiyar mako. Don haka idan Juma'a ta zo, ayarin a haɗe yake. Babu giya, babu taba, babu shayi ko kofi, bisa dokar lafiya da Smith ya bayar a 1833. Sai kallon fim a gidan wani, wasannin allo, askirim, ko zuwa shagunan lemon kwalba da ake haɗawa da kirim da kayan zaƙi, waɗanda suka cika garuruwan Utah. Fita zance ba ta farawa sai an kai shekara 16, kuma shawarar ita ce a fara ta cikin rukuni.

Safiyar Asabar ta aiki ce. Iyalai na karɓa-karɓa wajen share ginin coci. Wata rana a taya wani kwashe kaya, wata rana a tafi haikali, inda yara daga shekarar da za su cika 12 ke karɓar baftisma a madadin matattu. Rawar kuwa ba ta jama'ar unguwa ɗaya ba ce. Gunduma ce ke shirya ta, wato haɗakar jama'o'in unguwanni da dama, wani lokaci ma gundumomi biyu ko uku su haɗu. Ana fara zuwa daga Janairun shekarar da yaro zai cika 14, har zuwa 18. Mai saka kiɗa yakan zo da waƙoƙin da aka tantance kalmominsu, ba a kashe fitilu duka, kuma iyaye masu sa ido na zagayawa. A wasu gundumomi sai matashi ya nuna kati mai sa hannun bishop ɗinsa, wato shugaban jama'ar unguwarsu, kafin ya shiga. Ana saka waƙoƙi masu zafi da kowa ke takawa a layi, lokaci-lokaci a sako mai sanyi, a nan ne saurayi ke tsallaka zauren ya roƙi budurwa. Tsakaninsu a bar tazara, wadda a raha sukan auna da faɗin Littafin Mormon, littafinsu mai tsarki. Kafin sha biyun dare an yi addu'a an watse, domin Lahadi ranar hutu ce mai tsarki.

Wanda ya san dandalin ƙauyukanmu na da, inda samari da 'yan mata ke haɗuwa a farin wata ƙarƙashin idon sarkin samari da na gari baki ɗaya, zai gane hikimar nan ba tare da dogon bayani ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan rawa shi ne yadda take koya wa yaro ɗan shekara 14 wani abu mai wuya: ya tunkari mutum ido da ido, ya faɗi sunansa, ya yi hira ta minti uku da wadda bai taɓa gani ba, ya yi godiya, ya raka ta inda ya same ta. A zamanin da rabin hulɗar matasa ta koma cikin waya, wannan ba ƙaramin horo ba ne. Amfaninta ya fi fitowa a wajen Utah. Mabiya cocin sun haura miliyan 17 a duniya, fiye da rabinsu ba a Amurka suke ba, kuma ko a Amurkan, yarinyar da ke jihar Ohio ko Georgia tana iya zama ita kaɗai ce 'yar Mormon a ajinsu. Duk mako ita ce mai bayanin dalilin da ya sa ba ta shan kofi, ita ce mai ƙin zuwa liyafar da ake shan giya. Iyayenta za su yi tuƙin awa ɗaya ko biyu su kai ta zauren da, na dare ɗaya, ba ta buƙatar yi wa kowa bayanin kanta. Wannan sararin numfashi ne na gaske, kuma ina ganin masu yi wa rawar dariya a kan tazarar littafi ba su auna darajarsa.

Da safiyar Lahadi sai komai ya sauya. Daga 1980 awa uku ake yi a coci, daga Janairun 2019 aka mayar da shi awa biyu. Ibadar a natse take, da piyano ko ogan da waƙoƙin littafi, babu tafi, babu ganga. Cocin ya shigo Najeriya da Gana a hukumance a 1978, yana da haikali a Accra tun 2004 da Aba tun 2005, kuma a nan bambancin ya fi bayyana: a yawancin majami'un Afirka ta Yamma cikin sujada ake rawa, su kuwa sun ba rawa daren Asabar, sun bar wa Lahadi shiru. Cocin ba shi da fasto mai albashi a matakin unguwa. Bishop ɗin kansa likita ne ko malamin makaranta ko ɗan kasuwa da aka ɗora wa nauyin na wasu shekaru. Saboda haka aiki ya wadata, har ya kai ga yara. Masu shekara 14 da 15 ne ke shirya tiren gurasa da ƙananan kofunan ruwa, masu 16 zuwa sama su durƙusa su karanta addu'ar albarka, 'yan 12 da 13 su zagaya da shi benci-benci. Sau da yawa mai jawabi na farko matashi ne, namiji ko mace, da aka ba minti uku zuwa biyar a gaban mutum ɗari biyu. A Lahadi ta farko a wata ana azumi, kowa na iya tashi ya ba da shaidar bangaskiyarsa.

Masana sun lura da sakamakon. A littafin Soul Searching na 2005, wanda Christian Smith da Melinda Lundquist Denton suka rubuta daga wani babban bincike kan addinin matasan Amurka, 'yan Mormon ne suka yi fice a riƙon ibada da iya bayyana abin da suka gaskata. Kenda Creasy Dean, malama a makarantar tauhidi ta Princeton, ta keɓe musu babi guda a littafinta na 2010, tana tambayar abin da sauran majami'u suka rasa. Amsar ba ɓoyayya ba ce. Yaron da ake jira ya zo kafin a iya raba Jibi ya san cewa rashinsa zai bar gurbi.

To amma tsarin da ya kama mutum da ƙarfi haka yana da masu biyan kuɗinsa. A koyarwar cocin, aure a haikali shi ne mafi girman alkawari, kuma ba a ɗaura shi sai dukan biyun mabiya ne. Rawar gunduma matakin farko ce a wannan tsani: rawa a 14, zance a 16, aikin mishan, sannan haikali. Ba a ɓoye wannan ba, kuma ba na ganin laifi al'umma ta so 'ya'yanta su auri juna. Laifin yana wajen rabon kaya. Shekara da shekaru, littafin jagoran matasa mai suna For the Strength of Youth, wanda ya fara fitowa a 1965, yana lissafa wa 'yan mata abin da bai kamata su saka ba dalla-dalla, kafaɗa a rufe, siket kada ya yi gajarta, alhali na samari bai wuce 'yan kalmomi ba. A bakin ƙofar zaure, yarinya ce ake auna tsawon rigarta, ita ake miƙa wa rigar sanyi ta rufa ko a ce ta koma gida ta sauya. An kuma daɗe ana faɗa wa 'yan mata cewa kada su ƙi saurayin da ya roƙe su rawa, don kada gwiwarsa ta yi sanyi. Niyyar tausayi ce, amma darasin da yarinya 'yar shekara 14 ke ɗauka shi ne cewa kunyar namiji ta fi a'arta nauyi, kuma wannan darasi mai haɗari ne. Washegari kuma za ta zauna a benci tana kallon ƙanenta ɗan shekara 12 yana hidimar da ita ba za a taɓa ba ta ba, domin firistanci na maza ne kawai. Kafin 1978 ma, yaro baƙar fata ba shi da damar ɗaukar tiren nan ko yin aure a haikali.

Akwai kuma waɗanda ke jingine da bango duk dare ba wanda ya zo wajensu. A wurin da aka koya maka cewa aure ne ƙofar ɗaukaka mafi girma, rashin mai roƙonka rawa ya fi ciwo fiye da a liyafar makaranta.

Cocin ya motsa a wasu wurare. A 2018, bayan koke-koken iyaye kan tambayoyin da ake yi wa yara a keɓe game da tsabtar ɗabi'a, an ba matashi damar shiga ganawa da bishop tare da wani babba da ya zaɓa. A 2019 aka yarda mata da 'yan mata su tsaya shaidun baftisma. A Oktoban 2022 aka fitar da sabon bugun littafin jagoran, wanda ya cire jerin tsawon siket da hannun riga, ya bar ƙa'idoji na gaba ɗaya da tambayoyin da matashi zai yi wa kansa, ko da yake ya riƙe shekara 16 a matsayin ma'auni mai kyau na fara zance. Ina ganin wannan gyara ne na gaskiya, domin yaron da aka amince masa ya tsaya a mumbari ya cancanci a amince masa ya zaɓi rigarsa. Sai dai littafi daga Salt Lake yake fitowa, mai tsaron ƙofa kuwa uwa ce ko uba daga unguwa, wanda ya tashi da tsohon bugu, kuma shugabannin kowace gunduma ne ke fitar da sanarwar irin suturar da za a zo da ita. Shi ya sa har yanzu ake samun gundumar da ta saki tsohon ma'auni, da maƙwabciyarta da ke riƙe da shi kamar ba a sauya komai ba.